Amsa ga Yaya kan maganar giya da barcin 'yan jami'a

Assalamu alaikum, barkanku da dare 'yan gida. Yaya, tun la'asar na saurari saƙonki, kanti ne ya cika da masu sayen magani. Kin ce wai abokin yaronki na jami'a ne ya gaya masa in barci ya ƙi zuwa lokacin jarrabawa a ɗan kurɓi giya, shi ne kike tambaya ko gaskiya ne. To, Allah ya sa abokin ne dai. Mu bar shi a abokin.

Barci kam zai ɗauke shi da wuri, nan bai yi ƙarya ba. Amma kin gane, barci zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, akwai mai nauyi, akwai wanda ake mafarki a cikinsa. Giya kuwa, barcin mafarkin nan take dannewa a farkon dare. Babbar kwalbar nan, hanta sai ta yi awa 2 zuwa 3 tana fama da ita, to da ta sake shi, ƙarfe uku na dare sai ki ga yaro ido biyu, gumi, maƙogwaro a bushe, zuciya na dukan uku-uku. Ga fitsari, don tana hana ƙoda riƙe ruwa. Kuma karatun da ya sha wuya a kai da rana, ai cikin barci ƙwaƙwalwa take adana shi. To me aka yi kenan?

Ni fa ba a littafi kawai na gani ba. Ina aji biyu, ɗakinmu a takarda mutum huɗu ne, amma mu bakwai muke kwana. Wanda yake gadon sama da ni, duk Juma'a da Asabar sai ya leƙa bayan bariki. Ya dawo ko takalmi ba ya cirewa, minti biyar ya yi gaba. Sai minshari. Yaya, minshari kamar an ta da injin markaɗe! Giya tana sakin naman maƙogwaro ne, hanyar iska ta matse. Wani lokaci sai ki ji ɗif, numfashi ya tsaya, ina ƙasa ina ƙirgawa, ɗaya, biyu, har goma sha, sannan ya ja da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe ya ce shi fa ya yi barcin awa tara amma kamar an yi masa duka. Mu da ba mu sha komai ba mu ma ba mu runtsa ba.

Kuma bokitina. Shuɗin bokiti sabo fil, Inna ce ta saya mini ranar da zan tafi, har ta sa an rubuta sunana da fenti. Cikinsa ya yi amai, ya tura ƙarƙashin gado, sai da wari ya tona. Ya ce zai biya. Shekara nawa yanzu? Har ya makara jarrabawar ƙarfe takwas... a'a, tsaya, ba jarrabawa ba ce, tes ne, amma dai kwas ɗin sai da ya maimaita shi. Bokitin ma ba kuɗinsa ba ne ya dame ni, rainin ne.

Yauwa, ina muka tsaya. Abin da ke kama su shi ne, da safe jiki a mace sai a dirka Nescafé da goro da lemon ƙarin kuzarin nan. Bayan awa biyar rabin sinadarin hana barcin da ke cikinsu yana nan a jini. Dare ya yi barci ya ƙi, a koma wa kwalba, kuma cikin 'yan kwanaki kwalba ɗaya ba ta ƙara isa. Shi ya sa ma ba kullum giyar ce farko ba, wani rashin barcin ne da fargabar jarrabawa suka kai shi.

A nan wajenmu kuma kar ki tsaya neman kwalba, ba za ki gani ba. Kodin gwamnati ta hana maganin tarinsa tun 2018, giyar leda ma NAFDAC ta ce ta hana a 2024, amma... kai, bar wannan, raina ne zai ɓaci. Wanda ya fi ba ni tsoro mai haɗa giya da ƙwayar barci, diazepam ɗin nan da suke zuwa kanti suna roƙona ba takardar likita. Su biyun duk numfashi suke dannewa, mutum zai iya kwanciya bai tashi ba.

Ki tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya, su nawa ne a ɗakin, me yake sha don karatun dare. Ba da faɗa ba fa, na san ki. Sauran zan kira ki gobe, wannan ba ta cikin guruf ba ce, cajina ma ya kusa ƙarewa.