Tambayi Gwaggo: Shin gwamnati na biyan uwar da ke jinyar yaro mai nakasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a unguwar Hausare, nan Garwa. Ɗana na uku shekararsa 7, bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba, zama ma sai an tokare shi. Na sha doguwar naƙuda a haihuwarsa, kuma bai yi kuka da wuri ba. Da ina tuyar ƙosai a bakin titi, yau shekara 3 ke nan da na kife kasko, don ba ni da wanda zan bar wa shi. Maigidana tela ne a kasuwa. Ƙanwarsa da ke aure a Faransa ta ce can gwamnati na biyan iyayen irin waɗannan yara duk wata, wai nan ma akwai, ɓoye mana ake yi. Ga wani mutum yana zagaya unguwa yana rubuta sunaye, yana karɓar sefa 5,000 kuɗin fom. Gwaggo, gaskiya ne? In ba shi? Daga 'yarki, uwar yaro.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba yaron nan sauƙi, ke kuma ya biya ki ladan haƙurinki.

Kada ki ba mutumin nan ko dala. Tallafin gwamnati ba a tallarsa ƙofa-ƙofa, kuma duk abin da za ki biya a ofis, kan sarki ne ko kuɗin takarda, da rasit a hannu. Ki gaya wa mai unguwa tun kafin ya kwashe wa maƙwabtanki kuɗin cefane.

Ƙanwar mijinki ba ta yi ƙarya ba a kan Faransa. Can akwai alawus da ake kira AEEH, wanda ake ba iyayen yaro mai nakasa da bai kai shekara 20 ba, ana kuma ƙara musu idan uwa ko uba ya rage aiki saboda jinya. A Ingila wanda ke jinyar wani aƙalla awa 35 a mako yana iya neman nasa alawus. Afirka ta Kudu ma tana biya. Amma a nan Kamaru babu albashin da aka yanka wa uwa don ta bar sana'a ta zauna da ɗanta. Ba ɓoyewa ake ba, babu shi ne. Gara in gaya miki da bakina, da ki ƙarar da kuɗin mashin kina neman abin da ba a ajiye ba.

Wannan rashi yana ci mini rai, don na san nauyin da kike ɗauke da shi, a gadon bayana na san shi. Bayan rasuwar ƙanwata, ni na riƙe 'yarta mai irin larurar ɗanki. Na goye ta har ƙafafunta suna dukan bayan gwiwata, zani biyu nake ɗaurawa sannan majanyi. Kunu rabin kofi kan ci mana minti arba'in, cokali ɗaya, a jira, a share baki, a sake. Da asuba in shanya katifa, da azahar in wanke tsummoki, da dare in tashi sau uku in juya ta kada ta yi gyambon kwanciya. Duk wanda ya ce wannan ba aiki ba ne, bai taɓa yin sa kwana ɗaya ba. Ga shi a lokacin ina da albashin unguwarzoma. Ke da kika kife kasko fa?

To, abin da ke akwai shi ne doka mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010, wadda ta tanadi kariya da haƙƙoƙin masu nakasa, sai dokar Firaminista ta 26 ga Yuli 2018 da ta fayyace yadda za a yi aiki da ita. Haƙƙoƙin na yaron ne, da sunansa, kuma mabuɗinsu ɗaya: katin shaidar nakasa na ƙasa. Ana ba wanda likita ya tabbatar nakasarsa ta dindindin ta kai kashi 50 cikin 100 ko ta haura. Yadda kika siffanta ɗanki, da wuya a ce bai kai ba, amma likita ne mai yanke wannan, ba ni ba.

Ki je ofishin sosiyal na gundumarku, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar jin daɗin jama'a, MINAS. Ki riƙe takardar haihuwar yaron, katinki na ɗan ƙasa da hotunansa. Su za su nuna miki inda za a yi takardar likita. Idan yaron ba shi da takardar haihuwa, daga nan za ki fara, ta hanyar hukuncin kotu da magajin gari, don a nan yawancin mutanenmu ke maƙalewa. Ki tafi da yaron, a gan shi da ido. Idan Faransanci na ba ki wuya, ki ɗauki wani cikin yaran gidan da ke makaranta. Ki yi kwafin kowace takarda ki adana a leda, ki rubuta ranar da kika kai. Ni sai da na koma sau huɗu, wata rana aka ce fayil ya ɓata, kwafin da ke jakata ne ya cece ni.

Da katin a hannu, doka ta ce a yafe ko a rage masa kuɗin makarantar gwamnati da na jarrabawa, a kuma ɗaga masa ƙafa a kan shekarun shiga aji. Ta tanadi sauƙin kuɗin asibiti ga marasa hali. Ta ma ambaci alawus na nakasa ga marar hali da bai iya yi wa kansa komai, wanda ke buƙatar kulawa dare da rana. Wannan na ƙarshe a takarda na gan shi, ban taɓa zama da uwar da ya shigo hannunta wata-wata ba. Duk da haka ki tambaya, ki sa a rubuta buƙatarki. Tun 2010 aka miƙa wa ƙananan hukumomi aikin taimaka wa mabuƙata, don haka ki kai takardar neman keke ko kujera ofishin magajin gari, da rahoton ma'aikacin sosiyal a manne. An fi yin rabon a kusa da 3 ga Disamba, ranar masu nakasa ta duniya. Wanda ya kai takarda a Nuwamba ya makara, ki kai tun damina.

Kuɗin filin sosiyo da wasu mata ke karɓa, shirin tallafa wa matalauta ne na gwamnati da Bankin Duniya, wanda aka fara gwadawa a 2013 a Sulede-Ruwa da Ndop. Gidan da aka zaɓa yakan samu sefa 360,000 cikin shekara 2. Ba don nakasa aka yi shi ba, kuma ba a sayen fom ɗinsa: unguwa ake zaɓa, sannan a tantance gidaje. Abin da za ki yi shi ne mai unguwa ya san halin gidanku tun kafin masu rubutu su zo. Shi kuwa kuɗin yara na CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, sefa 4,500 kowane yaro a wata tun 2024, na ma'aikatan da aka yi wa rajista ne. Tela mai zaman kansa ba ya ciki.

Bari in koma kan yaron, don ban so ki tsaya jiran takardu. Alamun da kika faɗa sun yi kama da taɓuwar ƙwaƙwalwa da kan samu jariri idan ya rasa iska wajen haihuwa. Shawara mai tsanani ga jariri, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai su ma suna jawo ta. Ba shan inna ba ne, ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma laifinki ba ne. Ba ta warkewa da allura, amma gashi da motsa gaɓoɓi suna hana su ƙagewa. Ki nemi sashen gashin ƙashi a babban asibiti su koya miki da hannunki, ki riƙa yi a gida safe da yamma. Wajen ci, ki zaunar da shi tsaye, haɓa ƙasa kaɗan, kada ki ɗura masa yana kwance, don ƙwarewa na kai abinci huhu. Kafinta ne ya haɗa mana 'yar kujera mai kusurwa da ragowar katako, muka cusa tsumma a gefe. Ranar da yarinyar ta fara zama a tsakar gida tana kallon kaji, ta yi dariyar da ban taɓa ji ba. Idan hali ya samu, akwai cibiyoyin kula da masu nakasa: cibiyar Baitalami da ke Muda kusa da Marwa, da babbar cibiyar Kadinal Léger a Yawunde.

Saura maganar da nake so ki karanta wa maigidanki da ƙarfi. Malam, yaron nan naka ne. Ka ɗauke shi ranar Juma'a bayan masallaci, ka zaunar da shi a shago, uwarsa ta miƙe bayanta. 'Yan'uwanka da ke zuwa "sannu da jiki" su raba kwanaki, kowa ya riƙe shi awa 3 da safe, ta koma bakin kaskonta. Ita kuma ta Faransa, tunda abin ya dame ta, ta ɗauki kuɗin gashi da na mashin duk wata. Masu fitar da zakka a unguwa, ga inda ta dace, kusa da ku.

Ki rubuto mini bayan kin je ofishin sosiyal, ki gaya mini takardun da suka nema. Idan an ce ki dawo, ki tambayi rana, ki rubuta ta a bayan kwafinki.