Tambaya da Amsa: Yaya Ake Tsere da Jirgin da Ba Shi da Inji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wasu jirage masu dogayen fukafukai, ba inji, an ce wai tsere suke yi. Sun kai ashirin suna ta zagaye wuri guda kamar za su yi karo. Ta yaya ake gane wanda ya ci, kuma wace doka ke kare rayukansu?
Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zagayen da ka gani irin na ungulu ne da tsakar rana. Ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi na tashi, sai matuƙi ya shige cikinta ya yi ta kewayawa har ta ɗaga shi, sannan ya miƙe neman wata. Da ma wani jirgi mai inji ne ke jansa da igiya zuwa wajen mita 600 ya sake shi.

Hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, da ke Lozan a ƙasar Suwizalan ce ke tsara dokokin gasar duniya, wadda aka fara a tudun Wasserkuppe na Jamus a 1937. Kowace safiya a kan ba matuƙa hanyar da za su bi, sau da yawa kilomita 300 zuwa 500, su dawo filin da suka tashi. Wanda ya fi kowa sauri yana iya samun maki 1,000, sauran kuma a auna su da shi. Wanda iska ta yanke masa ya sauka a gonar mutane, makin nisan da ya ci kawai zai samu. A ƙarshen gasar a haɗa na duk kwanakin. Shaida kuwa wata 'yar na'urar GPS ce da ke rubuta inda jirgi ya bi da tsayinsa. Kafin zuwanta, hoton kowace kwanar hanya matuƙi yake ɗauka da kyamara.

Dokokin tsaro a fili suke. Dole kowa ya goya lemar sauka, ba a shiga cikin gajimare, kuma wanda ya kutsa sararin da aka keɓe wa jiragen fasinja, a lissafi nan tafiyarsa ta ƙare. Ana auna nauyin jirage, domin suna ɗura ruwa a fukafukai don ƙarin gudu. Idan sun doso gida sai su buɗe shi, ka ga farin feshi na bin kowane fiffike.

Amma ni a ganina, dokar da ta taɓa maki ita ce ta fi aiki. A da matuƙi kan sauko dab da ƙasa a guje don ya riga abokin karawarsa tsallake layin ƙarshe, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Yanzu galibi a maimakon layin ana zana da'ira mai nisan kilomita 3 ko fiye daga filin, a sa tsayin da ba a yarda a shigo ƙasa da shi ba. Kowace mita da ka gaza, a zaftare maka maki. Da gangancin ya daina biya, sai aka rage yinsa.

Abin da ya rage, kuma yana damuna ƙwarai, shi ne cunkoson nan da ya ba ka tsoro. Akwai ƙa'idar cewa wanda ya tarar da wani yana zagaye sai ya bi ta ɓangaren da na farko ke juyawa. Akwai kuma na'urar FLARM, wadda aka ƙirƙiro a Suwizalan a 2004, tana ƙara idan wani jirgi ya matso. Sai dai lissafin makin da kansa ne ke tara jiragen wuri guda. Idan kowa ya kasa dawowa, ana rage darajar makin ranar, ba wanda ya yi babbar asara. Idan kuwa kai kaɗai ka ware ka kasa, ɗaruruwan maki sun tafi. Shi ya sa ƙwararre ma kan gwammace ya manne wa ayari, fiffike kusa da fiffike. Wannan gyaran yana hannun masu rubuta lissafin, kuma ina ganin bai kamata su bar wa na'ura shi ba.