Muryar zabiya ta tsage a situdiyo: canza manhaja zai gyara ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan situdiyo a Tawa, shekara biyu ke nan ina aiki da manhajar haɗa sauti ta FL Studio. Makon jiya masu biki suka kawo mini wata dattijuwa zabiya daga ƙauye, da mai goge da mai kalangu, muka ɗauki waƙar amarya, suka koma gida. Da na zauna haɗa sauti sai na ji duk inda ta ɗaga murya tana tsagewa kamar lasifikar da ta yage. Wani mai saka manhajoji a kasuwa ya ce laifin FL ne, wai ba ta iya murya ba, in ba shi jaka goma ya sa mini Cubase da wani abu da ke wanke murya tas. Ya ce gogen ma zan iya mayar da shi MIDI, wato umarnin kiɗa da kwamfuta ke bi, in gyara yadda nake so. An ba ni rabin kuɗi, biki saura kwana tara. Wallahi barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka bar jaka gomarka a aljihu tukuna, ka je ka duba abu ɗaya, don akwai yiwuwar aikinka bai lalace ba. Buɗe muryar ita kaɗai a cikin Edison, wato wurin gyaran sauti na cikin FL, ka kashe duk abin da ka ɗora mata, ka faɗaɗa zanen sautin daidai wurin da take tsagewa. In ka ga kawunan zanen suna hawa suna sauka da tsininsu, to ka gode wa Allah, muryar lafiya lau take, a wajen haɗawa ne ka cika masta, wato layin da duk sautuka ke haɗuwa kafin su fita, har ta yi ja. Sauke fedoji, wato maɓallan ƙara da rage ƙarfin sauti, tsagewar za ta tafi, domin a cikin miksa FL tana lissafi da 32-bit mai yalwa, sai a bakin fita ne sautin ke bugun rufi. In kuwa ka ga kawunan a shafe, a miƙe kamar an bi su da almakashi, to tun a ƙofa aka yi ɓarnar, cikin katin sautinka, kafin FL ta ga komai.

Maganar mutumin kasuwa ba ta da tushe. Murya tana bi ta makirufo, ta shiga katin sauti, a can ake mayar da ita lambobi. Manhaja lambobin kawai take karɓa ta rubuta. Da Cubase ka buɗe a ranar, ko Pro Tools, ko Reaper, abin da za su rubuta ke nan ɗaya. Bambancinsu yana wajen sauƙin aiki. FL Studio, ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wajen jera kiɗa da zana MIDI a allon fiyano kaɗan ne ke kamo ta. Cubase ta Steinberg, wadda ta fito a 1989, ta fi daɗin hannu in kana da ɗauka biyar ko shida na baiti ɗaya kana son tsinto mafi kyau daga kowace. Reaper ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, kuma lasisinta na ƙaramin mai sana'a dalar Amurka 60 ne. Wanda ya koma Cubase don daɗin hannunta ban ga laifinsa ba. Abin da ake sakawa a kasuwa kuwa kusan duk na sata ne da aka fasa, sau da yawa da ƙwayar cuta a ciki, sai ka wayi gari aikin mutane ya ƙi buɗewa.

Yanzu bari in zo kan abin da ke cin raina, don kusan kullum sai na gamu da shi a nan Yamai. Yaro ya shigo da aiki a waya ko a kati, in buɗe in ga murya a shafe daga farko har ƙarshe. In tambaye shi, ba ka ga jar wuta tana kamawa a jikin katin ba? Sai ya ce ai ya gani, ogansa ne ya koya masa cewa in ba ta taɓa ja ba muryar ba za ta yi ƙarfi ba, sauran kuma kwamfuta za ta gyara. Wannan magana ta kashe waƙoƙi da yawa a ƙasar nan, kuma masu yaɗa ta da gadara suke faɗarta.

Na san inda ta samo asali. A zamanin faifai da kaset, akwai shuuu ɗin da ke kwance ƙarƙashin kowace ɗauka, dole ma'aikaci ya tura sauti sama don ya danne shi. Kuma kaset in an ɗan matsa masa yana lanƙwasawa a hankali, har wasu na jin daɗin ɗumin da yake bayarwa. Tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka yi haka suna da hujja. Na'urar lambobi ba ta lanƙwasawa. Tana da rufi a 0 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), babu lamba ko ɗaya a samansa, duk abin da ya wuce nan ba a rubuta shi ba sam. Kuma dalilin turawar ma ya kau: ɗauka a 24-bit tana da faɗin da ya kai dB 144 a lissafi, ƙaramin katin sauti na yau ma yana ba ka sama da 100 a aikace. Ka ɗauki murya tana kaiwa -12 dB, ƙasa da rufin, a wurin da ta fi ƙarfi, daga baya ka ɗaga ta yadda kake so, babu abin da zai same ta. To don me za a kai ta ja?

Abin ya fi muni da irin baƙuwarka. Zabiya a fili ta koyi waƙa, a tsakiyar taro, inda sai muryarta ta haye kalangu da guɗa da hayaniyar mata ba tare da lasifika ba. In ka ce mata ta gwada, za ta yi maka a hankali cikin kunya, kai kuma ka saita maɓallin ƙarfin shiga a kan wannan. Da waƙa ta yi zafi ta fara kiran iyayen amarya da kakanninta, sai ainihin muryar ta fito, ta ninka ta gwaji. Ina kyautata zaton haka ta faru da kai.

Masu cewa kwamfuta za ta gyara sun ɗauki sauti kamar MIDI ne. MIDI, tun fitowarsa a 1983, umarni ne kawai: wane maɓalli aka danna, yaushe, da wane ƙarfi daga 0 zuwa 127. Gari ne da ba a tuƙa ba, kana iya mayar da fiyano ya zama sarewa bayan shekara. Sautin da aka ɗauka kuwa tuwo ne da ya sauka daga wuta, in ya kama ƙauri ya kama. Akwai kayan faci, ban ɓoye maka ba. Audacity, wadda kyauta ce, tana da Clip Fix, iZotope RX kuma tana da De-clip wanda ya fi shi. Abin da suke yi shi ne su dubi gefe da gefe su yi hasashen kan da aka yanke su zana shi. In yankan ɗan kaɗan ne, nan da can, suna rufa asiri sosai. In dattijuwar ta ja dogon sauti duk a shafe, abin da zai fito ba muryarta ba ce, kuma danginta za su ji.

Batun mayar da goge MIDI, ka manta da shi. Manhajoji suna yin wannan, Ableton Live tun fitowa ta 9 a 2013, Melodyne ma haka, kuma a kan fiyano ko sarewa mai tafiya tsaf suna ƙoƙari. Amma MIDI matakala ce, goge kuwa zamewa yake yi a tsakanin matakan, a nan daɗinsa yake. Kalangu ma da matsar tsarkiya a hammata yake hawa da sauka har ya faɗi magana. Ka bar su yadda aka kaɗa su, kada ka ja su kan layi da kwantayiz, wato abin da ke daidaita bugun kiɗa da lokaci, kada kuma ka ɗora wa tsohuwar Auto-Tune, manhajar daidaita hawa da saukar murya, irin na waƙoƙin fiyano.

Ga abin da zan yi in ni ne. Yau ɗin nan ka gwada Clip Fix a kan kwafi, ka ajiye na asali. Ka saurara a lasifika da kuma a waya, tunda a waya yawancin mutane za su ji ta. In tsagewar tana nan, gobe da safe ka kira masu bikin ka gaya musu gaskiya, ka ce kuɗin motar Inna da makaɗanta a wuyanka. Jaka goman nan ta tafi can. Kwana tara ya ishe ka.

In sun zo, ka kashe fanka, ka rataya bargo ko ka jingina katifa a bangon da ke bayanta. Ka roƙe ta ta fara da baitin da ya fi zafi, da muryar filin biki, ka saita maɓallin a kansa har ya tsaya wajen -12, ka bar taƙi biyu tsakanin bakinta da makirufo. In katinka mai ƙofa biyu ne, ba ta ɗaya ita kaɗai, makaɗa su raba ɗayar, mai kalangu ya ɗan ja baya. Ka ajiye aikin a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a wuri biyu kafin su tashi, sannan ka sa mata baiti ɗaya ta ji da kunnenta tun tana zaune.