Hoton waya ya isa in tura ma darakta?

Kana tambaya ko hoton da ka ɗauka da waya ranar sallah ya isa ka tura ma daraktocin Kannywood ko sai ka je situdiyo. Gaskiya ka je situdiyo kawai, akwai su nan Katsina a IBB Way da wajen Ƙofar Ƙaura. Ka ce ma mai hoton daga ƙirji zuwa sama kake so, bango fari ko ruwan toka, banda kujerar sarauta da furen roba a baya, ka cire tabarau ka kalli kyamara sosai. Yi kala biyu, ɗaya kaftani da hula, ɗaya ƙananan kaya ba hula.

Sharaɗi ɗaya dai, kar ka bari ya yi maka irin editin ɗin hoton biki. Ni an taɓa yi mani, mai hoto ya goge tabon goshina ya ƙara mani haske na koma kamar balarabe, har daɗi na ji wallahi, aka kira ni na shiga mota tun daga Katsina har Kano, ina shiga ofis mutumin ya dubi hoton ya dube ni ya ce to ina wanda ke cikin hoton? Ashe fari sol suke nema ya fito ɗan gidan alhaji. Kuɗin motata ya tafi a banza.