Filin Tambaya da Amsa: Raunin Yaƙi Na Mayar da Baƙo Ɗan Ƙasa a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana zaune a Amurka da katin zama na dindindin, wanda suke kira girin kad. Bara ya shiga soja, aka sa shi cikin sojan ƙasa masu ɗaukar bindiga. Tun daga nan Mama ba ta barci sosai. Shi kuwa cewa yake da zarar mutum ya sa kaki ya zama ɗan ƙasa, in kuma an ji masa rauni a fagen daga gwamnati za ta ɗauki nauyinsa. Gaskiya ne, ko lallashinmu kawai yake yi? Daga 'yar'uwarku mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya tsare shi, ya sanyaya wa Mama zuciya. Maganar ƙanenki akwai gaskiya a ciki, amma ya tsallake wuri mafi muhimmanci. Kaki ba ya mayar da kowa ɗan Amurka, harsashi ma haka. Sauƙin hanya kawai kakin ke jawo wa mutum, takarda kuwa sai ya nema da kansa.

Bari in ba ki labarin Marcelino Serna, don shi nake tunawa duk lokacin da aka yi mini irin wannan tambaya. An haife shi a Chihuahua ta ƙasar Meziko a 1896, ya tsallaka Amurka neman abinci, ya yi aikin layin dogo da na gona. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917 sai ya shiga soja, yana farabiti a rejimanti ta 355 ta sojan ƙasa, Turancin ma bai ishe shi ba. Da manyansa suka gano ba ɗan ƙasa ba ne suka ce za su sallame shi in yana so, ya ce a bar shi da abokansa. A Satumban 1918, a Faransa, shi kaɗai ya kama sojojin Jamus 24. Ranar 7 ga Nuwamba, saura kwana huɗu a tsagaita wuta, wani maharbi ya same shi a ƙafafu biyu. Ya samu lambar yabo ta biyu mafi girma a rundunar sojan Amurka, Faransa ma ta ba shi tata. To Hajiya, duk da wannan, sai a 1924 ya zama ɗan ƙasa, alhali tun watan Mayun 1918 aka yi dokar da ta sauƙaƙa wa baƙin sojoji wannan al'amari. Ya rasu a El Paso a 1992. Lamba mafi girma kuwa ba a ba shi ba, kuma har yau akwai masu ganin an tauye masa haƙƙi. Ni ma ina cikinsu.

Yanzu ga yadda abin yake. Sashe na 328 na dokar shige da fice ya ba wanda ya yi shekara ɗaya a soja damar neman zama ɗan ƙasa, ba sai ya jira shekara biyar ɗin da farar hula ke jira ba. Sashe na 329 kuma na lokacin yaƙi ne, ya fi wancan sauƙi, kuma a Yulin 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu cewa lokacin ya fara ƙirguwa daga 11 ga Satumban 2001. Amma dole sojan ya cike fom N-400, rundunarsa ta tabbatar da aikinsa a fom N-426, a yi masa tambayoyi, sannan ya yi rantsuwa. Ba a karɓar kuɗin fom daga hannun soja. Wanda bai yi rantsuwar nan ba, baƙo ne a idon doka ko da lambobin yabo sun cika masa ƙirji.

Batun rauni kuwa ya fi kusa da gaskiya. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ba ta tambayar ko mutum ɗan ƙasa ne kafin ta biya shi diyya. Likitoci ne ke auna nakasar, a sa mata maki daga sifili zuwa kashi 100, kuɗin wata-wata kuma ya bi wannan maki. Abin da ake dubawa shi ne ko raunin na da alaƙa da aikin, da kuma irin sallamar da aka yi wa sojan. Don haka ko ciwon gwiwa ne ya samu a atisaye, ko kunnensa ya fara ƙara saboda harbi, ya je asibitin bariki a rubuta. Samari kan ɓoye ciwo don kada a ce musu raggaye, daga baya su rasa shaida.

Abin da ya sa nake matsa wa maganar takarda shi ne, an sha korar tsofaffin sojoji daga Amurka bayan sun yi laifi sun gama zaman kurkuku, saboda ba su taɓa yin rantsuwar ba. Da yawansu sun ɗauka, kamar ƙanenki, cewa rantsuwar shiga soja ta wadatar. Hector Barajas, tsohon sojan lema, haka aka tasa ƙeyarsa zuwa Meziko, ya buɗe gidan tallafa wa ire-irensa a Tijuana, sai a 2018 ya samu zama ɗan ƙasa bayan gwamnan Kalifoniya ya yi masa afuwa.

In kin kira shi, ki tambaye shi kai tsaye: ya shigar da N-400 ko bai shigar ba? In bai yi ba, ya je ofishin lauyoyin soja da ke barikinsu, kyauta suke ba da shawara. Ki kuma gaya masa cewa wanda ya samu takarda ta hanyar soja, in aka kore shi da mummunar sallama kafin ya cika shekara biyar yana aiki, ana iya ƙwace ta.