Mahaifiyata ta fara mantuwa, yayyena sun ce tsufa ne

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekarunta 71. Kusan shekara guda ke nan tana maimaita tambaya ɗaya a zama ɗaya, tana ɓoye kuɗinta ta manta inda ta sa, sai ta ce an sace mata. Makon jiya ta fita ta kasa gane hanyar dawowa. Yayyena sun ce gigin tsufa ne, a ƙyale ta. Wani kuma yana tallar magani a intanet wai yana dawo da ƙwaƙwalwa cikin wata guda. Ni ma ina tsoron kada in gaje ta, ga shi ina da hawan jini. Me zan yi?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Abin da kika bayyana ya isa a kai ta asibiti cikin makon nan.

Maganar yayyenki ita ce wadda na fi ji a ɗakin duba marasa lafiya, kuma ita ce ta fi cutar da tsofaffi. Tsoho mai lafiya yakan manta sunan wani, bayan rabin sa'a ya tuna. Ba ya ɓata a hanyar da ya shekara talatin yana bi. Idan mantuwa ta kai ga hana mutum tafiyar da rayuwarsa, ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ko shekarunsa 90. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. Wani kaso mai yawa kuma daga toshewar ƙananan jijiyoyin jini ne a ƙwaƙwalwa. Amma akasarin tsofaffi suna rasuwa da hankalinsu garau.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da zarar iyali sun ce "ai tsufa ne", an rufe ƙofar bincike. Alhali akwai abubuwan da ke kama da wannan cuta kuma ana magance su: ƙarancin bitamin B12, raunin aikin ƙwayar thyroid da ke wuya, ciwon damuwa, taruwar jini a cikin kai bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita, har ma da magungunan da tsoho yake sha barkatai. Gwajin jini, wani lokaci da hoton kai, sukan nuna su. Sai a kawo mana dattijuwa bayan shekara uku ta daina gane 'ya'yanta, a ce likita yi wani abu. Ina kuke tun tana iya faɗin abin da ke damunta? Mafi muni, idan ta fara yawon dare sai a sayo maganin barci a ɗirka mata. Ruɗewa ta ƙaru, ta tashi da jiri, ta faɗi, ƙugu ya karye. Ki kuma riƙe wannan: ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ba cutar mantuwa ba ce. Tana iya zama ciwon fitsari, ciwon huhu, faɗuwar sukari ko shanyewar ɓarin jiki, kuma a ranar ake zuwa asibiti.

Mai tallar maganin nan kuɗinku yake so. Har yau babu maganin da ke warkar da Alzheimer. Magungunan donepezil da memantine suna rage alamomi na ɗan lokaci, lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 jinkirta cutar kawai yake yi, kaɗan, ga waɗanda ke matakin farko.

Batun gado, ki kwantar da hankalinki. Nau'in da ake gada kai tsaye bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, kuma yakan bayyana kafin shekara 65. Hawan jinin nan naki ya fi damuna. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na masu cutar. A ciki akwai hawan jini, ciwon sukari, yawan kitse a jini, shan taba, rashin motsa jiki, kaɗaici, da raunin ji ko gani da aka bari ba magani. Ki sha maganinki kullum, ba sai kai ya yi ciwo ba.

Ranar zuwa asibiti, ki tattaro duk magungunan da take sha a leda ɗaya, ki rubuta lokacin da kowace alama ta fara. Idan ta ce an sace mata kuɗi, kada a yi musu da ita. Ki ce "Mama, zo mu nema tare." Ki sa takarda mai sunanta da lambar wayarki a jikin tufafinta kafin ta sake fita.