Amsa kan fawa fak ɗin kwamfutar shago

An mayar da wannan murya rubutu saboda 'yan gurup da data ba ta ishe su saukewa ba.

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar gida barkanmu da yamma, ya zafi? Allah ya kawo mana damina lafiya.

Ƙanena mai shagon taifin da fotokwafi a wajen Ringim, na saurari saƙonka. In dai na fahimce ka, fawa fak ɗin kwamfutarka ta tebur, wato akwatin da ke ba ta wuta, ya ƙone, wanda ya riga shi ma bai yi ƙarko ba, yanzu kuma an nuna maka wani sabo fil a kwali, an rubuta wat 650 ɓaro-ɓaro, ga araha, kana tambaya ko ka ɗauka. To dakata tukuna, kada kuɗinka ya fita. Muryar za ta ɗan yi tsawo, ka yi haƙuri da ni.

Wannan lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, ita ce abu na ƙarshe da nake dubawa. Kamar buhun taki ne da aka rubuta kilo 50 a jikinsa, ai ba rubutun za ka zuba a gona ba, sai ka ɗora shi a sikeli. Sikelin fawa fak kuwa shi ne takardar nan da aka manna a gefensa, mai layi-layi da ƙananan lambobi. Aikin akwatin nan shi ne ya karɓi wutar soket, wadda a ƙasar nan bolt 230 ce a ƙa'ida, ya sauke ta zuwa bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3. A kwamfutocin yanzu kusan duk nauyin a kan layin 12 yake, furosesa daga nan yake sha, katin hoto ma haka, fankoki ma haka. Saboda haka ka nemi inda aka rubuta +12V, a ƙarƙashinsa akwai lamba da harafin A. Ka ninka lambar da 12. In ka ga 18A, wat 216 ke nan. In kwali ya ce 650 amma layin 12 ya ce 15A, to wat 180 kake shirin saya, sauran lissafin dawa ne. Mai kyau za ka ga abin da layin 12 ke bayarwa ya yi kusa da jimillar da aka rubuta, ba tazara mai yawa.

Kuma wai ma, kai me za ka yi da wat 650? Taifin kake yi, da rajistar jarrabawa ta yara, da buga takardu. Furosesan i3 ko i5 na tebur yawancinsu wat 65 ne ko kusa da haka, kuma sai an matsa musu suke kaiwa can. Kwamfutar ofis da ba ta da katin hoto na daban, da wuya ta wuce wat 100 a aikin yau da kullum. Ka duba waɗannan ƙananan Dell da HP da suka cika shagunanmu, kamfanin da kansa wat 240 ko ƙasa da haka yake sa musu, kuma su shekara da shekaru suna aiki. Wat 300 zuwa 400 na gaskiya ya ishe ka har da rara. Wanda zai nemi 550 ko 650 shi ne mai haɗa bidiyon biki ko mai gem, wanda ya sa babban katin hoto mai neman wayarsa ta daban.

Yauwa. Yanzu ga inda maganar take a wurinmu mu mutanen karkara. A wannan takardar dai, ka duba layin da ya faɗi wutar da yake karɓa. Wani za ka ga 200 zuwa 240. Wani za ka ga 100 zuwa 240. Na biyun nan shi ne namu, ko da ya fi tsada. Ka san halin wutar ƙarshen layi, tiransifoma ɗaya unguwanni sun rataya a kanta, da magariba kowa ya kunna kayansa sai ka ga ƙwan fitila ya yi ja, fanka tana juyi da kyar. A irin wannan lokacin mai 200 zuwa 240 sai ya fara shaƙewa, kwamfuta ta mutu ta tashi da kanta kana tsakiyar cike wa yaro fom. Mai 100 zuwa 240 kuwa ko wuta ta sauka 170 yana nan yana aikinsa. Irinsu galibi za ka ga an rubuta Active PFC a kwali, kuma babu ɗan jan makunnin nan a baya.

Bari in tsaya a kan jan makunnin nan, don ya cinye wa mutane kwamfutoci ba adadi. Tsofaffin fawa fak suna da shi kusa da inda ake soka waya, gefe ɗaya 115, gefe ɗaya 230. Amurka wutar bolt 120 suke amfani da ita, to kayan gwanjon da suka taso daga can sukan iso yana kan 115. Ka soka a soket ɗinmu haka, ƙara ɗaya za ka ji, fau, sai hayaƙi da wari. Duk wanda ya sayo kwamfutar Beljiyam, tun kafin ya nemi soket ya juya bayanta ya tabbata 230 yake gani. Kuma in yara suna shigo maka shago, ka manne wurin da salatif, don hannun yaro ba ya ganin jan abu ya ƙyale.

Sai maganar ko zai shiga kwamfutarka ma, abin da ba ka faɗa mana ba. Akwai tsarin da Intel ta fitar tun 1995, ATX, shi ne na gama-gari, babbar wayarsa mai baki 24 ce, da wata ƙarama mai 4 ko 8 ta furosesa. In kwamfutarka haɗin gida ce, wato an sayo kes daban, bod (babban allon da ake jona komai a kansa) daban, to wannan kake nema, kuma zaɓi da yawa. Amma in Dell ce ko HP ko Lenovo ta ofis, a yi hattara. OptiPlex 7010 tana da mai baki 24, amma 7020 da 9020 mai baki 8 ne nasu na kansu. Lenovo suna da mai 14 da mai 10. Siraran nan kuma da ake kwantarwa a ɗora musu allo, fawa fak ɗinsu dogo ne siriri, na ATX ko da turmi ba zai shiga ba. Shi ya sa kullum nake cewa in za ka shiga Kano, Beirut Road ne ko Farm Centre, ka kunce mataccen ka sa a jaka ka tafi da shi. A ajiye su gefe da gefe, a gwada tsayi, a gwada bakin waya, a duba lambar jikinsa. Kuɗin mota daga nan zuwa birni ya fi ƙarfin a je sau biyu.

Ni dai ra'ayina, kuma na san akwai masu gyara a gurup ɗin nan da ba lallai su yarda ba: ga kwamfutar ofis, asalin fawa fak na gwanjo da aka ciro daga 'yar'uwarta ya fi mini sabo marar suna nesa ba kusa ba. Ka duba takardarsa za ka ga Delta ko Lite-On ko FSP, su ne ke ƙera wa manyan kamfanonin, kuma ba sa ƙarya a lamba. In kuma sabo za ka saya na ATX, ka nemi irin su Seasonic, Corsair, Cooler Master. Sai dai su ma ana buga musu jabu, kuma kowane kamfani yana da na sama da na ƙasa, sunan kaɗai ba ya wadatarwa.

Ka ɗauke shi a hannu ka ji. Na kirki yana da nauyi, saboda tiransifoma da farantan shan zafi da manyan kafasito da ke ciki. In ka ji shi sakayau, wayoyinsa sirara, ka leƙa ta ramukan fanka ka ga ciki fili, ajiye musu kayansu. Amma nauyi ma ba hujja ba ce shi kaɗai, don an sha buɗe na jabu a tarar an cusa ƙarfe ko siminti don a yaudari hannu. Sai ka haɗa da duba kwali ko ya lissafa kariya: OVP, OCP, SCP, OPP, OTP. Ma'anarsu a dunƙule, in wuta ta yi yawa, ko waya ta haɗu, ko kaya sun fi ƙarfinsa, ko ya yi zafi, ya kashe kansa. Wannan shi ne bambancin da ya fi damuna. Na kirki in zai mutu shi kaɗai yake mutuwa. Marar kariya kuwa sai ya tafi da bod, ya tafi da ma'ajiyar da takardun mutane suke ciki, ga ka da masu furojet a bakin ƙofa.

Alamar 80 PLUS da za ka gani, Bronze ko Gold, tun 2004 aka ƙaddamar da shirinta. Abin da take nufi shi ne aƙalla kashi 80 na wutar da ya sha tana isa ga kwamfuta, saura ne ke zama zafi. Ba shaidar ƙarko ba ce, kuma sitika ce, kowa zai iya bugawa. Amma ga mai sola tana da amfani. In kwamfuta tana son wat 100, mai kashi 80 zai ja 125 daga batir, mai kashi 70 zai ja sama da 140. Ka tara wannan daga safe zuwa la'asar, batir zai gaya maka. Bronze ya isa, kada ka wahalar da aljihunka.

  Yauwa, gwaji.

Kada ka biya sai an gwada a gabanka. A babbar wayar nan akwai koriya guda ɗaya tal, in aka haɗa ta da baƙa da ɗan guntun waya, fanka za ta tashi. Masu sayarwa a nan suke tsayawa su ce ka gani yana yi. A'a, fanka ta juya ba shi ne lafiya ba. A kawo mitar awon wuta. Ruwan ɗorawa da baƙa ya ba da 12, an yarda daga 11.4 zuwa 12.6. Ja ya ba da 5, ruwan lemo 3.3. Sannan a sa shi a kwamfuta ta yi aiki na ɗan lokaci, a ga ko zai riƙe. Ka kuma nemi a rubuta maka a rasit kwana nawa za ka iya dawo da shi. Buɗe cikinsa kuwa ban ce ka yi ba. Babban kafasiton ciki yana riƙe sama da bolt 300, kuma yakan riƙe ko bayan an zare waya.

To amma ƙanena, biyu sun ƙone maka a jere. Wannan ya sa nake zargin ba fawa fak ne kaɗai mai laifi ba, akwai abin da ke kashe su, kuma in ba ka gano shi ba na uku ma zai bi su. In da ƙaramin janareta kake aiki, ka tayar da shi ya daidaita tukuna sannan ka kunna kwamfuta, kuma kada ka bari mai ya ƙare tana kunne, wannan shiɗewar da yake yi kafin ya mutu tana wahalar da kayan wuta sosai. In an ɗauke wuta ka kashe soket, don lokacin da ake dawo da ita ne ake ɓarna. Ka sa sitabilaiza a gaba, in da hali ka ƙara da UPS, akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Sai dai ka sani, fawa fak mai Active PFC wani lokaci ba ya shiri da ƙananan UPS da inbata masu araha, ana ɗauke wuta sai ya mutu tare da ita. UPS ko inbatan da aka rubuta wa pure sine wave shi ne ba a samun wannan matsala da shi. Firintar leza da injin fotokwafi kuma kada su kusanci UPS ɗin, lokacin da suke ɗumama ciki suna fizgar ɗaruruwan wat a tashi ɗaya. Su ma ka raba musu estenshan da kwamfutar.

Ga zafi kuma. Watan Afrilu da Mayu a Jigawa sama da digiri 40 muke gani, shago kuma rufin kwano, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka tun Janairu. Kafasito zafi ne ajalinsa, shi ya sa masu kyau suke sa wanda aka rubuta wa digiri 105, ba 85 ba. Ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka ba bayanta tazara daga bango, ka riƙa hure ta da bulowa lokaci-lokaci. In kuma kana taɓa jikin kes kana jin yana ɗan jan ka, shagon ba shi da at ne, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, a nemo mai wayarin ya kafa maka ƙarfe a ƙasa ya haɗa. Damina kuma in hadari ya taso da tsawa, kashe makunni bai isa ba, zare wayar gaba ɗaya.

Yanzu ka ɗauko mini hoto uku ka turo nan gurup: gaban kwamfutar inda sunanta da lambarta suke, takardar jikin wanda ya ƙone, da takardar wannan mai 650 ɗin, yadda zan iya karanta layin 12. Ka kuma gaya mini da wace wuta ka fi aiki, ta layi ce, janareta ne ko sola. In na gani bayan isha'i sai in faɗa maka wanda za ka nema. A gaida mutan gida. Wassalamu alaikum.